Ruwa Ya Ce, Ruwa Na Kai Masa

Ba zan taɓa mantawa da ranar tseren keken nan ba, kuma ko na yi niyyar mantawa mutanen Madarumfa ba za su bar ni ba. Har yau in na ratsa ta bakin kasuwa sai wani marar kunya ya yi gyaran murya ya ce da na kusa da shi, “Ƙishi nike ji.” Su kwashe da dariya, ni kuwa in wuce kamar ba da ni ake ba. To, tunda kowa ya ba da labarin yadda ya ga dama, yau ni ma zan ba da nawa, ku yi mana alƙalanci. Na yarda na sha kunya, irin wadda ban taɓa sha ba tun da uwata ta haife ni. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce laifin nawa ne ni kaɗai.

Ni tela ne, shagona yana kan hanyar da ta gangara bakin tabki. Ina da tele, wato talabijin, a ciki da parabol a kan rufi, kuma yayin da sauran jama'a ke mutuwa a kan ƙwallo, ni abin da ya shiga raina shi ne tseren keken Turawa, wanda ake hawa duwatsu. Hanya ta yi ta naɗewa a jikin dutse, mutane sun yi cincirindo hagu da dama, wasu ko riga babu, suna bin masu keke da gudu suna yi musu ihu a kunne. Ina taka keken ɗinkina ina kallonsu suna taka nasu, har nakan ce da abokan hira ni ma ɗan keke ne, nawa dai ba ya barin wuri ɗaya. Da haka na zama masanin tseren keke na unguwarmu. (Ba wanda ya naɗa ni. Ba kuma wanda ya yi mini gardama, don ba wanda abin ya dama.)

A shagon nan Sanusi, ƙanin matata Habsu, ya kamu da ciwon keke. Ya fara da tsohon keken gidansu, daga baya ya samo na tsere na hannu a Ɗan Issa, siriri, mai ƙaho a lanƙwashe. Kullum da sassafe yana kan kwalta, Maraɗi da dawowa, ya rame ya yi baƙi, ƙwaurinsa ya zama kamar taɓarya. Surukina, Baba, bai taɓa son abin ba. Yana da garka a bakin tabki, albasa da salati da zogale, ƙarfinsa ya fara ja baya, kuma Sanusi ne kaɗai namijin da ya rage masa a gida. A ganinsa ƙato ya sa wando ɗamamme yana zarya a kan hanya ba saye ba sayarwa, wannan ba sana'a ba ce. Bayan an gama kaka ya kira Sanusi ya yanke masa magana: bana ce ta ƙarshe. In keke bai kai shi ko'ina ba a tseren da ke tafe, ya jingine shi ya shiga garka.

Tseren kuwa babba ne, na masu cin abinci da keke. Sun zo daga Yamai, daga Burkina, daga Benin, da motocinsu da masu yi musu tausa. Za a tashi daga Maraɗi a je Ɗan Issa a juyo, kuma a hanyar dawowa akwai wani dogon tudu da masu shirya tseren suka laƙaba wa suna dutse. (Ni da na ga duwatsu masu ƙanƙara a tele, na ji haushin wannan suna. Tudun da jakin mutanen Safo ke haurawa da amalanken gero yana gyangyaɗi.) An bar 'yan yaran jiharmu su shiga cikin manyan, kuma wani mai horar da 'yan keke daga Yamai ya ce a cikin yaran gida, wanda ya riga haye farin layin da aka ja a ƙwanƙolin tudun, shi zai ɗauka ya tafi da shi, a ba shi keke na gaske da wurin kwana. Ke nan duk rayuwar Sanusi ta taru a kan tudun nan.

Su yaran gida ba su da motar da ke binsu da kaya, moto, wato babur, guda ne aka ba su dukansu. Saboda haka ana gobe tsere Sanusi ya zo shago da bidonsa, irin gorar robar nan baƙa da suke maƙalawa a jikin keke, ya ajiye mini a kan teburin yanka. Ga abin da ya ce, ban ƙara ba ban rage ba:

“Yaya, ka tsaya mini a tsakiyar tudun, wajen da hawan ya fi tsauri. In ka hango ni ka miƙo ruwa. Ka cire murfin tun kahin in iso, ba ni da lokacin buɗewa.”

Na ce ya ɗauka an gama, har na ƙara masa da shawarwari kan yadda zai tashi tsaye a kan feda. Ya yi ta gyaɗa kai ya fita.

Yanzu don Allah ku tsaya mu yi gaskiya. A ƙasar nan tamu, in baƙo ya iso daga tafiya cikin rana maigida ya leƙa cikin gida ya ce a kawo ruwa, me ake kawowa? In rana ta take aka ce an kai wa 'yan gona ruwa, me ke cikin ƙwaryar? Fura ce, kowa ya sani. Gidan da aka tari baƙo da ruwan randa zalla, kafin magariba labarin rowarsu ya zaga gari. To ni, mijin yayarsa, yaro ya taka keke tun daga Maraɗi har bakin iyaka ya juyo, cikinsa ba komai, a ranar da ta fi kowace rana a rayuwarsa, sai in tare shi da ruwan da ko akuya aka ba ba za ta yi godiya ba? Kuma ya ce a cire murfi. Me ya sa mutum zai so a cire murfi in ba don ya kafa kai ya kwankwaɗa ba?

Ban ma yanke hukunci ni kaɗai ba, wannan shi ne abin da ke ƙona mini rai. Na shawarci Iliya, maƙwabcina mai gyaran rediyo, wanda muka tashi tare tun muna yara, shi coci ni masallaci. Ya ce ai ƙarfi yaron yake bukata, ruwa zalla ba ya riƙe ciki. Na koma gida na gaya wa Habsu, ta ce ko ban faɗa ba ita ba za ta bari a kai wa ƙaninta ruwa tsirara a bainar jama'a ba. Da kanta ta surfa gero, ta daka da citta da kanumfari da masoro, ta ƙara barkono fiye da kullum don ta ce haka Sanusi ke so tun yana yaro. Da safe ta dama da nono mai kyau, ta jefa galas, wato ƙanƙara. Da na duba na ga ta yi ruwa-ruwa, na ce ta ƙara kauri, ba farau-farau muka ce ba. (Wannan kam na amsa, ni na faɗa.) Muka ɗura a bido har wuya, na naɗe shi cikin jiƙaƙƙen buhu don kada sanyin ya gudu.

Na sa sabuwar shaddata mai ruwan sararin sama, wadda na ɗinka wa kaina don ranar. Iliya ya goya ni a motonsa muka isa tudun da hantsi, muka tarar mutane sun riga mu. An ɗaure wani ƙyalle daga wannan gefen hanya zuwa wancan a can sama, an ja farin layi a ƙarƙashinsa. Mata sun baza dambun zogale da ƙosai, masu shayi sun hura wuta, jandarmomi suna ta kora awaki daga kan kwalta awakin suna dawowa. Wasu tsofaffi daga ƙauyukan gefen hanya sun shimfiɗa buzu a inuwar gawo, ɗaya yana tambayar ɗaya wai su waɗannan masu keken wa ya koro su. Na ga dama ta samu, na tsaya na yi musu bayani dalla-dalla: yadda ake ɓuya a bayan wani don iska, yadda ake ajiye ƙarfi sai an zo hawa, da kuma cewa ɗaya daga cikinsu ƙanina ne kuma ni ne mai kula da shi a wannan wurin. Na ɗaga buhun na nuna musu. Ban san me ya kai ni ba.

Wucewarsu ta farko, wajen tafiya, gangara ce. Muka ji jiniya, motocin jandarma suka wuce, wata mota mai lasifika ta wuce tana surutu da Faransanci, sai wani irin shuuu, launuka suka gifta, shi ke nan. Wani tsoho ya tambaye ni ko an fara. Na ce an wuce. Ya ce to shi bai ga kowa ba, ya tashi ya koma ga buzunsa.

Sai jiran dawowa. Rana ta buɗe sosai, kwalta ta fara walƙiya, inuwa ta tsuke. Na zaɓi wurina a tsakiyar hawan, na gwada miƙa hannu, na gwada gudu kaɗan, Iliya ya ce na yi daidai da na tele. Kusa da ni akwai wata mata da bokitin ruwan leda mai sanyi, ta yi mini tayi na ce mata na gode, mu mun zo da shirinmu. Na riƙa yayyafa wa buhun ruwa kamar mai jinyar jariri. Duk surutuna na san abin da ke kan yaron nan, kuma ina sonsa. Ni na koya masa son abin, in ya faɗi ina da hannu a ciki.

Can sai jiniya ta sake tashi daga ƙasan tudu. Wannan karon ba gudu, hawa ne, ana ganin kowa da fuskarsa. Mutum uku ne a gaba, sun ba sauran rata mai yawa: wani dogo ɗan Burkina, wani gajere mai jar riga, da na ukunsu cikin koriyar rigar yaran gida. Na ƙura ido. Wallahi Sanusi ne. Sauran yaran gida ko ƙurarsu ba a hangowa, suna can baya cikin taron. Abin da ya rage masa kawai ya ci gaba da zama a kan kekensa har farin layi. Amma ɗan banzan yaron nan bai tsaya nan ba, sai ya miƙe tsaye a kan feda, keken yana rangaji dama da hagu, ya wuce mai jar riga, ya wuce dogon. Tudun ya ɗauka da sunansa, mata na guɗa, tsofaffin nan sun miƙe daga buzu. Ni kuwa hawaye ne ya cika mini ido, ban ɓoye ba.

Na warware buhu, na cire murfi kamar yadda aka umarce ni, na tattare shadda na shiga hanya. Na bi gefensa da gudu ina ihu, “Ga ruwa, Sanusi, ga ruwa!” Bakinsa a buɗe, gumi na zuba ta haɓarsa, ko kallona bai yi ba. Ya miƙo hannu ya fizge bidon. Har na fara jin daɗin yadda miƙawar ta yi kyau.

Sai ya ɗaga shi sama ya juye a kansa.

Duka. Bai kai bakinsa ba ko sau ɗaya. Furar Habsu mai kauri ta shiga ta ramukan hular kwanonsa, ta gangaro ta goshi, ta rufe baƙin tabaraunsa ruf, ta bi wuya ta shiga riga. Na ga gudajin gero yana mirginawa a kan kafaɗarsa. Ya kai hannu ya fizge tabarau don ya ga hanya, nan ne barkono da citta suka sami ƙofa. Ya yi wata ƙara da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba, keken ya yi hagu, ya yi dama, ya sauka daga kwalta ya nutse cikin rairayi, Sanusi ya kife a gefe yana murza ido. Guɗar matan nan ta tsaya a tsakiya. Dogon ɗan Burkina ya wuce yana waiwaye, mai jar riga ya wuce.

Ni na san ana zuba ruwa a ka? To, na sha gani a tele, ba zan yi ƙarya ba. Amma na ɗauka ɗabi'ar Turawa ce, su da ba su san darajar abin sha ba, kuma ba su da abin da ya fi ruwan. Ban taɓa zaton ɗan Musulmi, wanda aka haifa a Madarumfa, za a miƙa masa abu a hannu ya juye a ka ba tare da ya duba ko ya yi bisimilla ba. Ko nauyin bidon bai ji ba? Ko ƙanshin kanumfari bai bugi hancinsa ba? Kuma in na kai yake so, bakinsa ciwo yake da zai ce na kai? Kalma guda ce.

Matar nan mai ruwan leda ita ta fara kai gare shi, tana fasa leda da haƙori tana tsiyaya masa a ido. Ni ina tsaye da murfi a hannu, na rasa inda zan sa shi. Kafin ya iya buɗe ido taron baya ya iso, suka wuce mu fuu, a cikinsu har da wani yaro ɗan cikin garin Maraɗi mai koriyar riga. Muna ji aka yi ta tafi a sama lokacin da ya haye layin. Sanusi ya tashi, idanunsa jawur, ya ɗaga keke ya mayar kan kwalta. Na matsa zan riƙe masa, ya ce, “Bari, Yaya.” Ya hau ya bi su shi kaɗai, fari fat tun daga kai har ƙugu.

Ban gama haɗiye wannan ba sai na ji an damƙi wuyan sabuwar shaddata. Jandarma ne, yana tambayata wa ya aiko ni, me na zuba wa ɗan tsere, guba ce ko fenti. Na ce ƙanina ne, ruwa na ba shi. Ya ɗauko bidon daga ƙasa ya shinshina, ya lakato da yatsa ya ɗanɗana. Sai ya juya ya sanar wa jama'a da babbar murya cewa fura ce, kuma wadda ta dama ta iya. Nan fa tudun ya fashe. Mutanen da ɗazu nake koya wa tseren keke suka riƙe ciki, wani tsoho har da zama a ƙasa. Na waiga neman Iliya ya zo ya yi mini shaida, sai na gan shi riƙe da waya a sama, ashe tun fitowar Sanusi yake ɗauka, kuma bai ga dalilin tsayawa ba.

Da jandarman ya sake ni na juya don in sulale, sai idona ya faɗa can bayan taro, gindin wata bishiyar bedi. Amalanken jaki ne a tsaye, a kansa wani dattijo zaune da malafa. Baba ne. Mutumin da ya rantse ba zai zo kallon masu ɗamammen wando ba, ashe ya zo ya laɓe tun safe. Ya ga ɗansa a gaban kowa, ya kuma ga surukinsa ya tattare riga har cinya yana gudu yana ihu a tsakiyar hanya. Muka haɗa ido. Ya kaɗa jakinsa ya juya. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma kwalta ce.

Kafin mu iso gida hoton ya riga mu. Iliya ya rantse mutum guda kawai ya tura wa. Habsu ta tare ni a ƙofa da kuka, wai na kashe wa ƙaninta rayuwa. Na ce ke fa kika daka, ke kika ƙara barkono. Ta ce ita dama aka ce ta yi, ba ta san kan tseren keke ba, ni ne nake kwana a gaban tele. Iliya ma da na tuna masa shawararsa, ya ce shi cewa ya yi yaron na bukatar ƙarfi, bai ce a yi masa wanka ba. Kun ji mutane. Jiya duk bakinmu ɗaya, yau ni kaɗai ne mahaukacin garin.

Sanusi ya ƙarasa tseren, can baya, nono ya bushe a jikinsa ƙudaje na binsa har Maraɗi. Mai horarwar nan ya ɗauki ɗan Maraɗin kamar yadda ya yi alkawari. An ce ya kira Sanusi gefe ya ce masa ya ga abin da ya yi a tudun kafin abin ya faru, ya kuma ga ya ƙarasa, in ya ci gaba da motsa jiki ya dawo baɗi zai sake duba shi. Amma baɗi ba ta cikin maganar Baba.

Na shirya jawabina tsaf ina jiran Sanusi ya zo mu yi ta, in nuna masa inda shi ma ya yi kuskure. Bai zo ba. Da ya yi mini rashin kunya da na ji sauƙi. Sai ranar kasuwar Ɗan Issa na hango shi daga shago yana tura keken da hannu, ya wanke shi tas, ya nufi tasha. Na fita na tare shi na tambaye shi ina zuwa. Ya gaishe ni da ladabi kamar kullum, ya ce zai kai wa mai saye ne, gobe zai fara ban ruwa a garka. Ya ce in daina damuwa, haka Allah ya rubuta. Na karɓe keken na shigar shago na kulle, na ce ya ba ni zuwa yamma.

Wanda ya san surukuta ya san abin da na ɗauko. Tun da na auri Habsu ban taɓa zama na yi doguwar magana da Baba ba, gaisuwa ce daga nesa, kai a sunkuye. Ranar na same shi a garka bayan la'asar yana gyara kwali, wato fangalin da ya shuka albasa. Na tuɓe takalmi tun daga bakin shinge, na durƙusa a cikin laka da wandona mai guga. Na yi ta kewaye-kewaye, na fara kawo masa bayanin ma'anar ruwa a al'adarmu, ya ɗago ya dube ni, na bar wannan. Na ce yaron bai faɗi ba, ni na kayar da shi, a yi masa haƙuri a ƙara masa shekara guda.

Ya ci gaba da tsinke ciyawa. Ya ce ya ga yaron a tudun, bai san haka yake ba. Ya ce da ya ga ya wuce dogon nan, shi kansa bai san lokacin da ya miƙe tsaye a kan amalanke ba, har jakin ya tsorata. Sannan ya nuna mini garkar da hannu, tun daga rijiya har shinge, ya ce shi ba ya iya ɗaukar ruwa yanzu, kuma shukar nan safe da yamma take sha, ko an yi tsere ko ba a yi ba.

“Na ba shi baɗi,” in ji shi. “Amma aikinshi na garka sai an yi. Tela, tunda kai ka iya ba da ruwa, ga arozuwar can.”

Arozuwar, ga wanda bai sani ba, ita ce butar ƙarfen nan mai kan rariya da ake shayar da shuka. Biyu ne, ɗaya a kowane hannu. Ban taɓa jin Baba ya yi wasa ba, don haka na ɗaga kai in ga ko yau ya fara. Bai fara ba.

Yanzu haka da nake ba ku labarin nan, tafin hannuna ya yi kanta har allura ba na ji sosai, bayana kuwa sai Habsu ta taka mini da dare. Da an sallame asuba ina garka, in buɗe shago da hantsi, la'asar in koma. Masu kayan ɗinki suna ta ƙorafi, tele kuwa na manta rabon da in kunna. Baba yana zaune a inuwa yana nuna mini kwalin da na tsallake. Wani lokaci ina tsakiyar ɗiba sai in hango koriyar riga ta gifta a kan hanya ta nufi tudun, kansa a sunkuye, ba ya ko waige. Ban sani ba ko za a ɗauke shi baɗi. Na dai san keken yana ƙarƙashinsa, ba a rumfar wani ɗan Ɗan Issa ba.

Har gobe ina nan a kan bakana, ruwa ya ce, kuma da ya sha da ya ji daɗinta. Sai dai na koyi abu guda: in mutum ya roƙe ka abu, ka ba shi abin da ya roƙa, karamcin ka ajiye sai ya sauko daga keke. In kuwa ka ga lallai ka fi shi sanin abin da yake bukata, to ka fara zuwa ka duba girman garkar ubansa.